Kafin a Saki Igiya

Gwammaja, Kano
9 ga Afrilu

Ƙanwata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yata Afnan. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya sa mu a gaba, da wannan kunne nawa da ya ƙi sassautawa. Likita ya ce in sayi na'urar ji, na saya. Yanzu ina jin janareton maƙwabta tar-tar, amma wanda ke zaune kusa da ni sai dai in ga bakinsa yana motsi. Don haka kada ki wahalar da kanki da bugo waya. Ki rubuta da hannunki yadda muka saba, Afnan ta ɗauki hoton takardar ta turo.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Jiya Fatihu ya turo min hoto. Jirgin ruwa ne na katako, irin wanda nake nuna wa yara a littafin tarihi lokacin da nake koyarwa, mai dogayen ginshiƙai da suka fi hasumiyar masallacin unguwarmu. Can sama akwai wani gungume a gicciye, mutane sun jeru a kansa, sun kifa cikinsu, ƙafafunsu a kan igiya ɗaya tak, suna tattara wani ƙaton zane. Ya zagaye ɗaya daga cikinsu da jan layi ya rubuta, “Mama, ga ni nan.” Har da alamar dariya!

Sailuba, tun yana wata bakwai aka ɗora min yaron nan da kika haifa a cinya, kamar yadda ake yi da ɗan fari a gidanmu. Shekara goma sha tara yana hannuna, ko rijiyar tsakar gida ban bari ya leƙa ba sai da ya yi wayo. Shekara biyar kacal a hannunki ya koma biri. Ba aikin kwamfuta kuka ce yana yi a garin Sterling ba? Me ya haɗa shi da ruwa? Wa ya taɓa yin kamun kifi a danginmu?

Na tambaye shi, ya ce in kwantar da hankalina. Hankalina bai kwanta ba. Ki je da ƙafarki ki gano min, ki rubuto min abin da idonki ya gani, ba abin da ya faɗa miki ba.

Yayarki,
Na'imatu

Springfield
21 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na farko ina dariya, sauran biyun ban yi ba. Duk muna lafiya. Baban su Afnan yana gaishe ki, yana ta fama da tafiye-tafiyen aiki. Ni ma ina nan a kantin magani, tsayuwar yini ta fara taɓa min gwiwa. Allah ya ƙara miki sauƙin kunnen.

Ɗanki bai bar aikinsa ba. Litinin zuwa Juma'a yana can Sterling cikin wani gini mara taga, yana gadin na'urori cikin sanyi. Asabar ce yake zuwa jirgin. Wata ƙungiya ce ke kula da shi a kogin Potomac, don kada a manta yadda mutanen da suke tafiya da iska ba inji. 'Yan sa-kai ne duka. Zanen da kika gani shi ne filafili, kauri gare shi kamar tamfol, shi iska ke bugawa jirgin ya tafi. Idan za a tashi, sai wasu su hau sama su kwance shi, na ƙasa su ja igiyoyi. Idan iska ta yi yawa kuma, su koma su naɗe shi da hannu. Wai akwai ɗamara mai ƙugiya da suke maƙalawa kafin su fara aiki. Wai, na ce, domin duk wannan daga bakin Afnan na ji. Ita yake ba labari, da Turanci, a kicin, ni kuma ina yanka albasa ina kasa kunne kamar mai leƙen asiri.

Kin san yadda muke da shi. Ya gaishe ni, “Anti, ina kwana,” in amsa ina kallon tukunya. In ina son ya ci abinci sai in ce wa Afnan ta gaya wa yayanta an gama. Ita abin har haushi yake ba ta, ta ce gidanmu kamar ofishin da ba a magana sai ta hannun masinja. To ta yaya zan tsare shi in ce ya sauko daga kan itace? Da wane baki?

Amma zan je. Ranar shida ga wata mai kamawa suna gayyatar iyalai, za a fita da mu cikin kogi na yini guda. Afnan ta riga ta rubuta sunana. Ni da ko kwalekwalen Wudil ban taɓa shiga ba.

Ƙanwarki,
Sailuba

Springfield
7 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun je jiya. Ɗanki ya ɗan ji ciwo a ƙafa, yana asibiti, amma da sauƙi. Zan rubuto.

Sailuba

Gwammaja, Kano
20 ga Mayu

Sailuba,

Sallama a gare ki. Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau, don haka ba zan ɓata takarda a kanta ba.

Kwana goma sha uku ke nan. Layi biyu kika rubuto min, ke da kike cika shafi a kan ciwon gwiwa. “Da sauƙi.” Ni za ki ce wa da sauƙi? Ranar da Baba ya rasu, wanda aka aiko makaranta ya ɗauko ni cewa ya yi jikin da sauƙi, na iso na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni da kaina na sha faɗa wa mutane haka alhali na san an riga an aika a sayo likkafani. Kin san na san ma'anarta a bakinmu.

Na tura wa Fatihu saƙo ya fi ashirin, ko ɗaya bai shiga ba. Na sa maƙwabciyata Selina ta buga wa maigidanki, ta riƙe wayar ta rubuta min abin da ya ce a bayan kwalin ashana. Shi ma “da sauƙi.” Kun haɗa baki ke nan. Afnan ta turo min zanen zuciya ja da wasu kalmomin Turanci, wai kada in damu. Yarinya ce, abin da aka ce ta faɗa shi za ta faɗa.

Na daina cin abinci sosai. In aka buga ƙofa ba na ji, amma in na ga inuwar mutum a zaure sai gabana ya faɗi, in ce ga masu zuwa gaisuwa nan. Daga saman nan ya faɗo, ko? Ruwa ya ci shi? In ya rasu ki gaya min, ni musulma ce, zan ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a binne yaron da na goya ina nan zaune ina jiran hoton takarda.

Ki rubuto yau.

Na'imatu

Springfield
22 ga Mayu

Yaya,

Ki yafe min, don girman Allah ki yafe min. Yana raye. Ga hotonsa nan Afnan ta haɗa da takardar, yana zaune a falo da jaridar yau a hannunsa don ki ga kwanan wata. Idon sawunsa na hagu ne ya karye, an yi aiki an sa ƙarfe, likita ya ce zai taka nan da wata biyu. Wayarsa ta faɗa kogi a ranar, shi ya sa saƙonki bai shiga ba. Da sauƙin gaske ne wannan karon. Abin da ya hana ni rubutu ba jikinsa ba ne, kunyar abin da na yi ce.

Ba daga sama ya faɗo ba. Saman nan da muke tsoro, na ga ya hau ya sauko lafiya lau, ina riƙe da ƙarfen gefen jirgi ina karanta duk abin da ya zo bakina. A ƙasa abin ya faru, taku biyar daga inda nake tsaye.

Da safe kafin mu tashi, wata mata mai suna Martha ta tara mu. Ita ce shugabar masu aikin igiya, gajeriya ce mai furfura, hannunta kamar na mai faskare. Ta sa kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi. Sannan ta ce doka ɗaya ce take so mu riƙe, mu baƙi: igiyar da ke naɗe a ƙasa kamar gammo, kada kowa ya sa ƙafa a cikinta, domin in aka sake ta filafili ya cika da iska, gudu take yi ta tafi da duk abin da ta samu. Kuma in ka ga wani cikin haɗari, ka kira sunansa. Ta maimaita. Ta ce a jirgi babu “kai wancan,” iska na ƙara, mutum ashirin na ihu, ba abin da ke ratsa kunnen mutum sai sunansa. Na gyaɗa kai tare da kowa.

Bayan azahar iska ta ƙaru, kyaftin ya ce za a juya jirgin. Ɗanki ya ba ni baya, yana jan wata igiya da ƙarfinsa, yana ja yana matsowa baya, har ƙafarsa ta shiga tsakiyar naɗin wata igiyar. Wani mai suna Desmond yana can gaba, hannunsa a kan turken da aka ɗaure ta, yana jiran umarni ya saki. Ni kaɗai na gani, Yaya. Kowa sama yake kallo, ni kuwa tun safe shi nake kallo ta gefen ido.

Na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, “Kai! Kai! Wannan!” Ba wanda ya juyo. Shi kansa bai juyo ba, ina zai san da shi ake? Aka ba da umarni, Desmond ya saki. Igiyar ta shaƙe ƙafarsa ta fizge shi, ya faɗi, ta ja shi a kan katako har ya bugu da gefen jirgin. Martha ce ta yi tsalle ta yanke ta da wuƙa. Na ji ƙarar ƙashin, har yanzu ina jin ta.

A asibiti, bayan an fito da shi, Martha ta zo duba shi. Ba da faɗa ta yi maganar ba, so take ta fahimta don ta rubuta abin da ya faru. Ta ce, “Na ga bakinki ya buɗe kafin kowa. Kin gani, ko? Me ya sa ba ki kira shi ba?”

Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan fassara mata alkunya? In ce mata a wurinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, kuma wannan shi ne mutunci? Ni da nake kiran sunan mutum ɗari a yini ta tagar kantin magani?

Shi ya amsa mata, daga kan gado, idonsa a rufe. Ya ce, “Ba laifinta ba ne. Ba ta taɓa faɗarsa ba.”

Da ya yi fushi da ya fi min. Babu fushi ko kaɗan a muryarsa, kamar mai faɗin ranar haihuwarsa. Martha ta dube ni, ta dube shi, ta rufe littafinta.

Kuma ya ce zai koma da zarar ya warke. A watan Satumba jirgin zai fita teku na sati uku, ya riga ya sa sunansa. Babansa ya yi magana, ya saurara cikin ladabi, bai canza ba. Ni ba ni da bakin hana shi, bakin nawa ne ya karya masa ƙafa. Ke yake jin maganarki. Ki hana shi, Yaya.

Sailuba

Gwammaja, Kano
30 ga Mayu

Ƙanwata,

Na ga hoton, na yi sujada. Ya rame, kuma a gaya masa ya aske wannan gemun. Na ci tuwo jiya har na nemi ƙari. Ki gaishe da mutanen gidan.

Na rubuta masa a sabuwar wayar, na ce ban yarda ba. Ya ba ni amsa mai tsawo. Ya ce Mama, duk sati ina cikin ɗakin da ba wanda ya san na shigo ko na fita, amma a jirgin nan in na hau sama sai an kira ni na amsa kafin a taɓa igiya ɗaya. Na karanta wannan na ajiye wayar. Ba zai sauko ba, Sailuba. Ni na raine shi, na san inda taurin kansa yake.

Yanzu ke. Na ɗauko takardunki na bana da na bara na bi su da jan biro, halin malamai. “Ɗanki,” “yaron nan,” “yayan Afnan.” Ko a takarda ba ki taɓa rubuta sunansa ba. Ban ga laifinki ba, don ni na koya miki. Ranar suna, da aka raɗa masa, kin ɗago kai za ki dube shi, ni ce na mintsine ki a cinya a gaban mata. Na tuna sarai.

Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin manta ni ce 'yar fari a wurin Inna? Ku duka tana kiranku, Sailuba kaza, Sailuba kaza, har in ji haushinki. Ni kuwa “ke” ce, ko “waccan.” Na san tana sona, ita ke ɓoye min ƙanzo. Duk da haka na yi shekara arba'in da ɗaya ina jira. A ciwonta na ƙarshe na ce yanzu kam za ta faɗa, mutum a wannan hali ba ya alkunya. Ina bakin ƙofa na ji ta ce muku, “Ku kira min waccan.” Na shiga na riƙe hannunta. Yanzu ga shi kunnen ma ya tafi, ko da za ta dawo ta kira, ba zan ji ba.

Alkunyar nan ba a cikin Alƙur'ani take ba, ƙanwata. Kyakkyawan abu ne a tsakar gidan da ba abin da ke gudu sai kaji. Ku kuma ba a nan kuke ba.

Tsorona bai ragu ba ko ƙwaya ɗaya. In ya ƙi saukowa, ke ki hau.

Yayarki,
Na'imatu

Springfield
10 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan damina ta zo muku da alheri, kuma rufin ɗakin baya bai sake yoyo ba. Na san na yi shiru, sai gajerun gaisuwa ta hannun Afnan. Ba na so in rubuto miki alkawari, so nake in rubuto abin da ya faru. Muna lafiya. Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi in ya gaji.

Na bi maganarki, ko da yake ba saman na hau ba, kada ki sa rai. Tun watan Yuni nake zuwa jirgin duk Asabar. Martha ba ta tambaye ni komai ba, ta miƙo min igiya ta ce in naɗe. Na naɗe, ta warware, na sake, ta warware, sai a karo na tara ta wuce ba ta warware ba. Tafin hannuna ya yi kanta, na koyi sa wando a ƙarƙashin riga da cusa bakin mayafi cikin wuya don kada igiya ta kama. Shi kuma yana zaune a gaɓa da sandarsa yana ɗinkin filafili da wata ƙatuwar allura. Mu tafi a mota ɗaya, mu dawo a mota ɗaya, rediyo na yi mana magana.

Na yi ta gwadawa ni kaɗai a hanyar zuwa aiki, gilashi a rufe. Sai in faɗi rabin sunan in ji kamar na fita tsakar kasuwa ba ɗankwali.

Jiya suka tashi. An bar mu, mu 'yan sa-kai na ƙasa, mu raka su zuwa inda kogin ya buɗe, daga nan ƙaramin jirgi ya dawo da mu. Al'adarsu ita ce wadda ya faɗa miki: in an gama kwance filafili a sama, ba a sakin igiyar da za ta sauke shi sai wani daga ƙasa ya kira duk wanda ke kan gungumen, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa cewa hannunsa da ƙafarsa sun fita. In ɗaya bai amsa ba, ba a saki. Su huɗu ne a sama: Yashim, wani ɗan Kaduna da ke tuƙi a filin jirgin sama, da wasu Turawa biyu, da shi a can ƙarshen gungumen, inda ya fi nisa, ruwa ne kawai a ƙarƙashinsa. Zanen ya kumbura ya rufe shi, ba na ganin komai nasa.

Desmond ya kama turken. Martha ta juyo ta ce, “Sailuba, ke za ki kira.”

Na kira Yashim, ya amsa. Na kira na biyu, na kira na uku, suka amsa. Sai jirgin ya yi tsit, in ban da zanen da ke bugawa. Hannun Desmond yana kan igiyar, irin riƙon ranar nan. Na dubi hannun, na ji ƙarar ƙashin nan a kunnena, na ɗaga kai na kira shi.

Bai amsa ba.

Yaya, a raina na ce ƙugiyar ta kwance, ƙafar da aka yi wa aiki ta zame, ya faɗa ta bayan zanen ba wanda ya gani. Na sake kira, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Shiru. Martha ta riga ta kama tsanin igiya za ta hau. Karo na uku ba kira ba ne, kururuwa ce, har mutanen wani jirgi da ke wucewa suka juyo.

Sai muryarsa ta sauko daga sama, ba da Turancin da suke amsawa da shi ba. Ya ce, “Na'am, Umma.”

Aka saki igiyar, filafilin ya sauko ya cika, jirgin ya karkata ya fara gudu. Ni dai na zauna a kan wani akwati.

Da ya sauko Martha ta wanke shi tas a gaban kowa. Ta ce in ya sake jinkirin amsa ko na numfashi ɗaya ne, a gaɓa zai ƙare tafiyar. Ta ce, “Ba ka ji ba ne?” Ya ce ya ji tun na farko. Ta ce to me ya riƙe bakinsa? Ya ce ta yi haƙuri, ba zai ƙara ba, so yake ya tabbatar muryata ce. Idonsa ja wur, ya ce iska ce. Ban san me ya kamata in yi ba, sai na ce masa ya ɗaure igiyar takalminsa.

Yanzu suna teku. Sati uku, kuma an ce wayar ba za ta riƙa shiga ba sai sun matso gaɓa. A labarai suna maganar wata guguwa da ke tasowa daga kudu, baban su Afnan ya ce ba hanyarsu za ta bi ba, ni dai ina duba taswirar sau goma a yini. Tsoron yana nan yadda kika bar shi, ko ma ya fi, domin can ba ni ce zan kira ba.

Ki sa Fatihu a addu'a, Yaya Na'imatu. Na rubuta naki ma cikakke, tunda takarda kina ji.

Ƙanwarki,
Sailuba